Ƙusoshin Ƙyauren Mashigi

Ƙarfe uku da kwata na ranar Juma'a, cikin watan Mayun 1981, wata mata ta shigo caji ofis ɗin tsakiyar Minna da goyo a bayanta. Ta tsaya gaban kanta tana haki.

"Yallaɓai, an sace mana ƙyaure."

Saje Garba ya ɗago kai daga littafin rahoto. "Ƙyaure? Na akurki ko na banɗaki?"

"Na Layin Dakali," in ji ta. Ko murmushi ba ta yi ba.

Sufeto Ndanusa yana fitowa daga ofishinsa ya ji. Mutumin Bida ne, shekararsa huɗu a Minna, kuma a layin nan yake sayen man kaɗanya idan zai je gida. Ya jawo mata benci da kansa.

"Zauna, Malama. Sunanki?"

"Sakinatu Alhassan. Ba zama ya kawo ni ba, ranka ya daɗe. Ran Litinin da safe kwamiti zai zo. In ba su tarar da ƙyauren nan ba, katafila za su turo mana."

Ta zaro takarda daga bakin zaninta. Sanarwa ce daga kwamitin tsara gari. Wani wanda bai sa sunansa ba ya kai ƙorafi cewa duk damina ruwan rafi yana shiga kantuna da gidajen layin, har rayukan mutane na cikin haɗari. Kwamiti ya ce in mutanen layin suna da shaidar da za ta ƙaryata haka, su nuna ta ran Litinin ƙarfe tara. In babu, za a rushe.

"To mene ne haɗin wannan da ƙyaure?"

"Shi ne shaidar. Zo ka gani, ya fi in yi ta bayani. A gidanmu na layin aka haifi babana, a can aka haife ni, a can na haifi wannan." Ta ɗan girgiza goyon. "Ba ni da wani wurin da zan kai ta."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Saje, tada mota."

Layin Dakali ba shi da tsawo. Kantuna ashirin da biyu ne a jere, bayansu na kallon rafi, gabansu na kallon hanya, kowanne da gidan zama a ciki. Dukkansu da jan bulo aka gina su, irin wanda ake gasawa, kuma in ka ɗaga kai a baranda za ka ga ƙarfen layin dogo ne ya tokare rufin maimakon azara. Mutanen da suka biyo aikin shimfiɗa reluwe ne suka kafa layin. Da aiki ya wuce gaba, su suka tsaya. Sun lura a nan mashigin rafi yake, inda matan ƙauye ke tsallakowa da doya da kaɗanya a kafaɗa, sai suka ce me zai sa su jira kaya a kasuwa alhali ga inda yake fitowa.

Ba su yi ginin gaggawa ba. Sai da suka shekara biyu suna kallon ruwa kafin su sa tubali ɗaya. Daga nan suka cika ƙasa da dutse, suka ɗaga dakali mai tsawo, suka ɗora kantunansu a kai. Sunan layin ke nan.

Sakinatu ta bi da su wani lungu tsakanin kanti na farko da na biyu. An gitta tsohon gadon ƙarfe a bakinsa, an ɗaure da igiya.

"Wa ya sa wannan?" in ji Sufeto.

"Ni. Kafin in taho wurinku. Yaran layin nan sun fi talatin, kuma an yi ruwan farko shekaranjiya. Ba zan bar hanyar rafi a buɗe ba."

Suka tsallake. Matakala goma sha biyu ce ta gangara zuwa bakin ruwa. A ƙasa ga ginshiƙai biyu na jan bulo, tsakaninsu wayam.

Ta yi masa bayani a tsaye. Kakanta, Alhassan mai sikeli, shi ya sa aka sassaƙa ƙyauren da icen ƙirya a 1912. Tsawonsa ƙafa takwas. Kusa da samansa an gitta wani siririn ƙarfe daidai tsayin dakalin layin. Kowace shekara, in damina ta ƙare, dattijon layin yakan buga ƙusa ɗaya a inda ruwa ya tsaya ranar da ya fi cika, a rubuta shekarar a gefe da wuƙa. Na farkon da ajami, na baya da boko.

"Ƙusa sittin da tara, Yallaɓai. Babu ko ɗaya da ta kai ƙarfen nan. Wadda ta fi kowacce hawa, yatsu huɗu ne tsakaninsu."

"Yaushe kika gan shi na ƙarshe?"

"Sha biyu da rabi, na sauko wanki. Ƙarfe biyu da rabi na dawo kwashe shanya, babu shi."

Wato lokacin da maza suka tafi masallacin Juma'a.

Sufeto ya dubi ginshiƙan. Ba tsaga, ba ɓantarewa, ko ƙwarzane babu. Ƙyauren ba shi da hinji irin na yanzu. A sama akwai zoben ƙarfe, a ƙasa akwai dutse mai rami inda ƙafarsa ke juyawa. Ya durƙusa ya leƙa ramin. An cusa tsumma a ciki, an danna shi sosai, ya yi baƙi ƙirin da maiƙo.

"Ke kika sa wannan?"

Sakinatu ta matso. Ta leƙa ramin.

"Ba ni ba ce. Amma haka ake yi. Duk shekara bayan kaka akan cire ƙyauren a shafe shi da mai. In an cire, sai a toshe gurbin da tsumma mai maiƙo don kada yashi ya cika shi."

"Kowa ya san haka?"

"Duk wanda ya tashi a layin nan."

Sufeto ya zaro tsumman da tsinke ya sa a ambulan. Saje Garba ya ce, "Oga, ɓarawo mai tarbiyya ke nan. Ya yi sata ya gyara wuri."

"Ɗan gida ne," in ji Sufeto. "Wa ke buga ƙusar yanzu?"

"Baba Dabo kafinta."

Ran Asabar da hantsi suka same shi a barandar kanti na bakwai, yana goge ƙafar kujera da hannu. Tsoho ne dogo, ya haura saba'in. Tun jiya bai ci abinci ba, in ji maƙwabta.

"Baba, ina kake jiya tsakanin sha biyu da rabi da biyu da rabi?"

"Ina masallaci. Ina kuma zan kasance?"

"Da wa ka tafi?"

"Ni kaɗai."

"Wa ka gani a can?"

"Jama'a."

Saje ya rubuta. Sufeto bai matsa ba. Ya ce, "Mutum ɗaya zai iya cire ƙyauren nan?"

Nan tsohon ya ajiye kujerar. Muryarsa ta canja.

"Baƙo ko su goma ne ba za su cire shi ba sai sun fasa gini. Amma ɗan layi mai ƙarfi, shi kaɗai ya isa. Ka buɗe shi har ya jingina da bango, ka sa taɓarya a ƙarƙashi, ka taka. Zai ɗago ya fita daga dutsen, sai ka zame kansa daga zobe, ka kwantar da shi a hankali. Mahaifina ya sassaƙa shi haka, shi da Alhassan. Ba ƙusa ko ɗaya a jikin haɗinsa, sai na alamar ruwa."

"In an kwantar fa?"

"Kwana uku yake yi a ƙasa yana shan mai. Kuma ba a taka shi. Ko liman ne sai ya kewaye. Yaron da ya kuskura ya ɗora ƙafa, ranar zai san akwai tsumagiya a garin nan. Tambayi duk wani mai gemu a layin nan, akwai wanda bai sha ba?"

Sufeto ya miƙa masa ambulan ɗin. Tsohon bai duba ba. Ya kai hanci ya sansana, ya ture.

"Wannan giris ne na inji. Wa ya sa wa dutsen Alhassan wannan ƙazanta? Mu man kaɗanya muke sawa. Ni ko mutuwa zan yi ba zan sa baƙin mai a wurin ba."

Daga nan suka tsallaka zuwa kanti na biyu, na Madam Rhoda mai kayan masarufi. Shekararta talatin a layin, kuma da yake ba ta zuwa masallaci, ita kaɗai ce kantinta ke buɗe ran Juma'a da azahar.

"Oga Sufeto, zauna, zauna. Saje, kai kuma cire hannu daga biskit ɗina."

"Madam, me kika gani jiya?"

"Gaba ban ga komai ba. Amma ta tagar baya na ji amalanke yana kuka ƙiiƙii a bakin rafi. Na ce wane mai kwasar yashi ne ba ya tsoron Allah, ana salla yana aiki? Na leƙa. Mutum ɗaya, ya rufe kaya da tamfol, yana turawa yana nishi. Ya ja malafa har hanci."

"Tsoho ko yaro?"

"Ƙato. Kafaɗa kamar wannan firij."

"Baba Dabo fa? Kin ga tafiyarsa masallaci?"

"Masallaci? Tun ƙarfe goma ya shiga tasi, kuma ba hanyar masallaci ya bi ba. Amma Oga, Baba Dabo ko buhun gishiri ba ya iya ɗagawa."

Sufeto ya koma kanti na bakwai. Bai zauna ba. Ya ɗaga yatsu uku daga inda yake tsaye, taku biyar tsakaninsu.

"Baba, yatsu nawa na ɗaga?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Asibiti na je. Yanar ido ce ta rufe min gani. Sun ce sai an yi aiki." Ya rage murya. "Ɗana, in mutanen layi suka ji, za su ce wani ya buga ƙusar bana. Shekara ashirin da shida ni ke bugawa. Ta bana ce ta saba'in."

"Ba wanda zai ji daga bakina. Amma kada ka sake yi wa ɗan sanda ƙarya, Baba. Da wani ne, da yanzu kana bayan kanta."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Akwai wanda zai amfana in an rushe layin nan?"

"Wanda zai kwashi ƙarfe da bulo. Ƙarfen dogon da ke rufin nan, yau ba a samun irinsa. Masu gini sun sha zuwa suna lallashi." Tsohon ya yi tsaki. "Har 'ya'yanmu na cikinmu akwai masu ɗaga kai suna kallon rufi in sun zo gaisuwa."

"Kamar wa?"

"Idona ba ya gani, ka manta?"

Sakinatu tana tsakar gida tana ba 'yarta Sharifa koko da cokali lokacin da suka yi sallama. Gidan ɗaki uku ne a bayan kanti na farko, ƙasan daɓe ne, bangon ya kai kamu biyu kauri. Duk zafin Mayu, ciki da sanyi kamar bakin randa.

Sufeto ya baje tsumman a kan takarda. "Kin taɓa ganinsa?"

"A haka ko uwar da ta saƙa shi ba za ta gane shi ba. Ba ni in wanke."

"Shaida ce, Malama. Ba a wanke shaida."

"To yanka shi biyu. Ka riƙe rabi da dattinsa, ni ka ba ni rabi."

Saje Garba ya dubi ogansa. Sufeto ya yi 'yar dariya, ya ciro reza.

Ta zuba kananzir kaɗan ta murje, sannan ruwan zafi da sabulun salo, sau uku. Ta matse ta shimfiɗa a bakin turmi. Saƙi ne na hannu, fari, da ratsin shuɗi biyu da ja ɗaya a tsakiya.

Ta ɗauki 'yarta ta saɓa a baya, ta jawo majanyi za ta ɗaure, sai hannunta ya tsaya. Sufeto yana kallo. Majanyin fari ne, ratsin shuɗi biyu, ja ɗaya a tsakiya.

"Irinsa ya cika kasuwa," in ji ta da sauri.

"Malama Sakinatu, ni Banufe ne, a gindin masaƙa na girma. Wannan ba saƙar kasuwa ba ce."

Ta zauna a bakin turmin. Idonta ya kawo ruwa amma ba ta bari ya zubo ba.

"Gwaggo Maimuna ce ta saƙa, ƙanwar babana, kafin ta rasu. Guda uku ta yi, na jikokin Alhassan. Ga nawa, ka duba, ko zare bai fita ba. Ɗaya yana Kontagora wurin yayata. Na ukun ta ba Larai."

"Wace ce Larai?"

"Matar Yaya Ya'u. Ɗan wan babana ne. A ɗakin can aka haife shi." Ta nuna da haɓa. "'Ya'yansu sun girma, majanyin ya tsufa, na san ya koma tsumma."

"Me yake yi?"

"Yana da injin buga bulo a Tunga."

Saje ya rufe littafinsa.

"Yallaɓai," in ji ta, "shi ya koya min tafiya a kan dakalin nan. 'Ya'yansa huɗu. Amma in sai na zaɓa tsakanin rufa masa asiri da rufin da ke kan 'yata, ka riga ka ji abin da na zaɓa. Abu ɗaya nake roƙo. Kada ku kama shi a gaban yaransa."

Ran Lahadi da safe Landiroba ta tsaya a Tunga, gaban wani fili da aka kewaye da kwano. Wata kwata mai faɗi ta ratsa tsakanin hanya da filin. A kanta akwai gadoji biyu: tsohuwa ta falanki uku da ta lotsa, da wata sabuwa mai faɗi can gefe, an lulluɓe ta da buhunan siminti da yashi.

Ya'u ya fito daga rumfar inji yana goge hannu. Ƙato ne, ya kai shekara arba'in, da fara'a a fuska.

"Sannunku da zuwa, manya. Bulo nawa za a kai barikin?"

"Kai ne Ya'u, jikan Alhassan na Layin Dakali?"

"Ni ne."

"Ka ji an sace ƙyauren mashigi?"

"Na ji, wallahi abin ya dame ni. Mutane ba su da tsoron Allah."

"Ka je ka yi musu jaje?"

"Aiki ya yi yawa. Rabona da layin tun ƙaramar salla."

"Shekaranjiya da azahar kana ina?"

"Masallaci, nan Tunga."

"Kana da amalanke?"

"Wane mai bulo ne ba shi da amalanke, Yallaɓai?"

Sufeto ya zagaya rumfar. Ga gwangwanin giris a buɗe, ga tarin tsummoki a kwali. Ya tona da sandarsa. Bai daɗe ba ya ɗago wani yanki mai ratsin shuɗi biyu da ja ɗaya, an yage gefensa. Ya ciro nasa daga ambulan ya haɗa bakinsu. Suka zauna daidai.

Ya'u bai daina murmushi ba. "Tsumma ai yawo yake yi. Leburorina shida, kowa na ɗiba."

"A cikinsu akwai ɗan Layin Dakali?"

"Babu. Amma ku bincika ko'ina. In kun ga ƙyaure, ku tafi da ni."

Suka bincika. Bayan rumfa, ƙarƙashin tarin yashi, ɗakin ajiyar siminti, har cikin tankin ruwa. Babu. Saje Garba ya share gumi ya matso kusa da ogansa. "Ko ya faskara shi ya ƙone?"

"Mutumin da ya tsaya toshe gurbi ba zai sa masa gatari ba."

Sufeto ya fita ta tsohuwar gadar ya tsaya a bakin hanya, daidai gaban sabuwar. Ya ɗaga murya.

"Malam Ya'u, zo ka sa hannu a takarda mu tafi. Yi sauri, rana na yi."

Ya'u ya taho da hanzari, fuskarsa ta saki. Ya iso bakin sabuwar gadar, hanya miƙaƙƙiya zuwa inda Sufeto yake. Sai ya karkace gefe, ya tattara ƙarfinsa, ya tsallake kwatar da tsalle. Santsi ya kwashe shi, ƙafarsa ɗaya ta faɗa cikin baƙin ruwa har gwiwa.

Sufeto ya dube shi, ya dubi gadar.

"Ga gada sabuwa fil a gabanka, ka zaɓi kwata?"

"Ba ta... ba ta gama zama ba."

"To hau mu gani. Ni zan riƙe ka."

Ya'u bai motsa ba.

"Taka ta, Malam Ya'u. Ƙafa ɗaya kawai."

Ƙaton mutumin nan ya tsaya da wando jiƙe yana kallon buhunan. Ya ɗaga ƙafa, ya mayar. Sai ya durƙushe a bakin kwatar ya dafe kai.

Saje ya yaye buhunan ya share yashin da hannu. Baƙin icen ƙirya ya bayyana, yana ƙyalli da man shekara da shekaru. An kifa shi ne, kuma an ɗora kowane gefe a kan bulo biyu da tsumma a tsakani. Saje ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi.

"Oga, ga ƙusoshin nan reras. Ko ɗaya ba ta taɓa ruwa ba."

"Ni na rubuta takardar ƙorafin," in ji Ya'u, bai ɗago ba. "Wani ɗan kwangila ya ce in aka rushe, ni zai ba aikin kwashe ƙarfe da jan bulo. Na ce layin ya tsufa, ko ba ni ba wata rana za a rushe shi, gara ɗan gida ya amfana. Da na ji Sakina ta ce za ta nuna wa kwamiti ƙyauren, na san ƙaryata ta ƙare."

"Me ya hana ka ƙone shi?"

"Na kawo fetur. Yana nan bayan inji." Ya ja numfashi. "Na kwantar da shi, na ga ƙusar shekarar da aka haife ni. Babana ya sha ɗaga ni ya ɗora yatsana a kanta. Na ce bari in ɓoye shi zuwa Talata, in an gama sai in san yadda zan yi. Na hana leburori bi ta kai, na ce siminti bai bushe ba."

"Tsumman fa?"

"Wallahi ban san na sa ba. Sai da na iso nan na ga hannuna da giris."

Sufeto ya dubi agogo. "Yaranka suna ina?"

"Suna gida."

"To a nan za mu sa maka ankwa, ba a can ba. Ƙanwarka ce ta roƙa maka wannan."

Sai a lokacin Ya'u ya yi kuka.

Ran Litinin tun ƙarfe takwas Layin Dakali ya cika. An share baranda, an yayyafa ruwa, tsofaffi sun sa manyan riguna kamar ranar suna. Motar 'yan sanda ta kawo ƙyauren, majiya ƙarfi shida suka sauke shi a bakin rafi.

Nan aka tsaya. Samarin layin duk sun san yadda ake cirewa, amma mayarwa sai an saita kai da ƙafa lokaci guda, kuma shekara da shekaru Baba Dabo ne ke saitawa. Tsohon ya shafa zoben da hannu, ya shafa dutsen, ya ja da baya.

"Bayana ya riƙe yau," in ji shi. "A nemo wani."

Aka gwada sau biyu, ƙafar tana zamewa. Tara saura kwata.

Sakinatu ta hau matakala ta je wurin Landiroba, inda Ya'u ke zaune da ankwa tsakanin 'yan sanda biyu, za a wuce da shi kotu.

"Yallaɓai, a ara mana shi minti biyar."

Sufeto ya dube ta, ya ciro mabuɗi.

Ya'u ya sauko matakalar nan goma sha biyu, mutane suna matsawa gefe. Ya durƙusa gaban dutsen. An wanke giris ɗin tas, an toshe ramin da farin ƙyalle mai ƙamshin man kaɗanya. Ya zare shi ya miƙa wa Sakinatu da hannu biyu. Ya ce a ba shi taɓarya. Madam Rhoda ta miƙo tata.

Ya sa kafaɗa, ya zura kan ƙyauren cikin zobe, ya taka taɓaryar, ya saki a hankali. Aka ji ƙafar ta faɗa gurbinta, dum. Ya tura shi da yatsa ɗaya, ƙyauren ya juya ba ƙara.

"Hannun Alhassan ne," in ji Baba Dabo. "Hankalin ne ba nasa ba."

Ƙarfe tara daidai mutanen kwamiti suka iso, su uku. Injiniyan cikinsu matashi ne mai tabarau. Ya ja igiyar awo daga dakali zuwa ƙarfen da ke gitte, ya sa ma'aunin ruwa, ya sake aunawa. Sannan ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, Baba Dabo yana faɗa masa shekarun da ka, har na ajamin.

"Sittin da tara," in ji injiniyan. "Wa ya auna muku tsayin dakalin nan tun farko?"

"Kakanninmu," in ji Sakinatu.

"Da wane kayan aiki?"

"Da zama a bakin ruwa damina biyu."

Ya cire tabarau ya goge. Ya juya wurin shugaban kwamitin. "Ranka ya daɗe, ofishinmu ba shi da bayanin ruwa na shekara goma a rafin nan. Su suna da na kusan saba'in. Ni ba zan sa hannu a rushe wannan ba. Sai dai in roƙa su bar ni in kwafa."

Shugaban ya ninke takardar ƙorafin ya sa a aljihu. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga saman matakala, sauran mata suka karɓa.

Saje Garba ya mayar wa Ya'u ankwa. Da suka zo wucewa ta gaban Sakinatu, ya tsaya.

"Sakina..."

"Yaya, je ka. Na aika wa Larai da tuwo tun safe, kuma yaran za su zo nan su zauna har a gama. Gidan kakansu ne." Ta gyara goyonta. "Yana nan, ba a rushe ba."

Aka sa shi a mota. Sufeto Ndanusa ya tsaya ya sayi man kaɗanya ƙwarya ɗaya wurin tsohuwar da ta yi guɗa, sannan ya shiga gaba, suka tafi.

Sakinatu ta kwance igiyar gadon ƙarfen da aka ture gefe tun safe, ta sa aka mayar da shi ɗaki. Ta sauka ta kaɗa yaran da suka taru a bakin ruwa, ta ƙirga su suna hawa, ta leƙa hagu da dama ko an bar wani. Sannan ta jawo ƙyauren ta rufe, ta zura sakata.